Famfon Gindin Tsamiya

Aikin da na fara yi da hannuna bayan na dawo daga kwas, aikin ruwan datti ne, kuma na fi shekara ban gaya wa mahaifina haka ba. Abin da ya sani shi ne ɗansa ma'aikacin ruwa ne a Birnin Kudu. Na bar shi a kan haka, don ba ƙarya ba ce, rabin magana ce kawai.

Shekarun fari ne. Damina ta yi ta zuwa a gajarce, rijiyoyi suka ja baya, guga sai an ƙara masa igiya. A daidai lokacin kuma kuɗin mai suka fara shigowa, ko'ina ka duba gini ake yi, masu buga bulo suna kwashe ruwan da mata ke layi a kansa tun da sassafe. Ga hukuma ta matsa a dasa itatuwa, an kafa wurin renon dashe a bayan gari, dalbejiya da mangwaro jere cikin gwangwanaye, su ma kullum sai sun sha. Da idona na ga wata tsohuwa ta shaƙe wuyan rigar wani mai jakin ɗibar ruwan bulo a bakin rijiya, tana cewa ita da jikokinta ba su kai bulo daraja ba ke nan.

Ni kuwa duk sanda na bi ta bayan gidajen ma'aikata da wurin wankan tasha, sai in ga ruwa yana malala a kwata, ya je ya taru a wani kududdufi ya yi kore shar, sauro na shagali. Ruwan wanka ne, da na wanki, da na alwalar masallacin tasha. Takaici ya ishe ni. Na zauna na rubuta wa shugabanmu na ofis takarda, na ce a ba ni siminti da bututu in tara ruwan nan in tace shi, a shayar da dashe, a buga bulo da shi, a sakar wa mutane rijiyarsu. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Malam injiniya, in ka jawo mana wari a gari, kai kaɗai za ka shaƙe shi." Ni fa ba injiniya ba ne a lokacin, ɗan kwas kawai na yi. Amma sunan ya shiga kaina ya zauna daram, daga ranar ban ƙara jin maganar kowa ba.

Tsarin ba wani abin mamaki ba ne. Masai dai na ware shi gefe, ramukansa daban, ba ruwana da shi. Ruwan kwata kuwa zai fara faɗawa rami na farko ya kwanta, laka ta sauka ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama a kwashe. Daga nan ya ratsa tsakuwa, ya ratsa yashi da gawayi, ya zuba cikin wani faffaɗan tafki marar zurfi inda rana za ta yi kwanaki tana dukansa. Abin da ya fito sai ya taru a tanki na ƙarshe. Babu inji, babu lantarki, gangaren ƙasa ne zai yi aikin duka. Na yi makonni ina yawo da abin awo ina kafa turaku, har wasu suka fara yaɗa cewa jirgin ƙasa za a kawo mana.

Gangaren nan ne ya kai tanki na ƙarshe gindin wata tsamiya, a bakin hanya, daidai inda motocin Gwaram ke sauke mutane. Na ma ji daɗi, na ce masu jakuna sun sami inuwa. Littafin da na karanta a wurin kwas ya nuna tanki da famfo a tsayin ƙugu, ni ma na zana famfo a tsayin ƙugu, na je na zaɓo na tagulla mai ƙyalli.

Maginin da aka ba ni wani dattijo ne mutumin Kangire, marar yawan magana, wanda ya fara riƙe cokalin gini tun ban san hannun dama ba. Yallaɓai yake ce mini, ni kuma har yau ban tabbatar ko girmamawa ce ko zolaya ba. Ranar da za a kafa famfon ya juya shi a hannu, ya dubi tsamiya, ya dubi hanya.

"Yallaɓai, famfo a bakin hanya, a gindin inuwa?"

"Eh. Mene ne?"

"Ai wannan sadaka ce. Duk wanda ya sauko daga mota da ƙishirwa nan zai nufo."

"Za a kafa allo."

"Allo," in ji shi, a hankali.

Yadda ya maimaita kalmar nan ne ya ba ni haushi. Na ce, "Malam, kai aka tura kwas ko ni? Gini aka ce ka yi, ka yi gini." Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tsuguna ya kafa famfo, ya kafa shi da kyau kuwa. Ni kuma na sa aka rubuta allo da jan fenti, da manyan baƙaƙen boko, cewa ruwan nan ba na sha ba ne, na ƙara da Turanci a ƙasa don burgewa. Na ja baya na kalle shi na ji na gama komai. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, a cikin mota guda ta mutanen Gwaram, mutum nawa ne za su ɗaga kai su karanta boko alhali maƙogwaro ya bushe.

Ranar da ruwan ya fara fitowa, wallahi ni kaina sai da na yi mamaki. Garau yake, ka zuba a kwano ka ga gindin kwanon. Na cika kwalabe, na bar wa maginin wurin, na hau mota zuwa Kano don a auna mini. Kwana biyu na yi ina jira. Mutumin da ya auna ya ɗaga kwalba a hasken taga ya ce aiki ya yi kyau, dashe da bulo sun sami ruwa. Sannan ya ajiye ta ya ce, "Amma kada ido ya yaudare ka, ƙwayoyin cuta suna nan a ciki. Kada ka yarda ya shiga bakin mutum. Ka dai san abin da ke yawo bana." Na sani sarai. Amai da gudawa ne, shekarar ta ɗauki mutane a ƙauyuka ba kaɗan ba. Na ce masa kada ya damu, akwai allo.

Da hantsi na sauka a Birnin Kudu ina taƙama, na tarar da maginin zaune a gindin tsamiya, an naɗe famfon da tsumma an ɗaure da waya. Ya miƙe ya gaishe ni. Gaisuwar ta yi tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya koma ya sake tambayar hanya. Nan na sha jinin jikina.

"Malam, me ya faru?"

"Jiya ka yi baƙo, Yallaɓai. Mahaifinka."

Sai na faɗi yadda muke kafin a gane nauyin maganar nan. Mu mutanen Fagam ne, can ƙasar Gwaram, noma muke yi da kiwon shanu. Ni ne ɗan fari, saboda haka iyayena kunyata suke ji. Baba bai taɓa kiran sunana ba, yaron nan yake cewa. Inna kuwa ko ido ba ta haɗawa da ni, in tana da magana sai ta gaya wa bango ko akuya, ni kuma in tsinta. Baba bai taɓa taka inda nake aiki ba. Ashe labari ya kai masa cewa ɗansa ya fito da ruwa a Birnin Kudu a shekarar da rijiyoyi ke ƙafewa, sai ya ƙirƙiro sayen kanwar shanu, ya hau mota ya zo. Da ya sauka ya tambayi 'yan tasha ina aikin ruwan da yaron Fagam ya yi, suka nuna masa tsamiya.

Maginin ya ce tun da na tafi yake gadin wurin yana korar mutane, jiyan ne kawai ya je duba yashi. Da ya dawo sai ya tarar da dattijo ya riga ya sha ya ƙoshi, yana share gemu. A gabansa ya yi alwala da ruwan, ya shimfiɗa buzu ya yi azahar.

Na ce, "Ya sha da yawa?"

"Ya sha. Sannan ya cika gora."

"Gora?"

"Babba. Ya ce zai kai wa tsohuwar, ba ta jin daɗin jikinta kwanan nan, ga rijiyarsu duk laka."

"Kai kuma kana tsaye! Kana tsaye ka bar shi ya hau mota da ita?"

"Yallaɓai, yaya zan yi? Dattijo yana ta murna, ya dafa tankin nan ya ce mini, ashe yaron ya iya. In buɗe baki a gaban 'yan tasha in ce masa ruwan wankansu ɗanka ya tara maka? Sau uku ina ɗaga baki, maganar ta ƙi fita."

Ban zage shi ba, amma abin da na faɗa masa bai yi nisa da zagi ba. Na ce kunyarsa za ta kashe mini uwa. Na ce da shi da rashinsa duk ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana ji har na gaji. Jira nake ya ce ai na gaya maka, don in sami abin kamawa in ci gaba da faɗa, amma bawan Allahn nan bai faɗa ba. Na fizgi sifana daga jakarsa na kwance famfon, na cusa guntun itace a bakin bututun na buga da dutse. Na bi ta wurin malamin asibiti ya ƙunsa mini ƙwayoyi, ya gaya mini abin da zan duba, na hau babur ɗin ofis ban ma nemi izinin kowa ba.

Hanyar Gwaram a lokacin jar ƙasa ce, duk gargada, babur yana tsalle haƙorana na haɗuwa. Ban ji ko ɗaya ba. Lissafi kawai nake yi: jiya da azahar ya sha, kafin magariba ya isa gida, Inna ta sha da tuwon dare, ta sha da safe. Na taɓa ganin yadda ciwon nan ke yi. Mutum ya karya kumallo da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, washegari ana zaman makoki. Baba dai ƙaƙƙarfa ne, amma Inna ko a lafiyarta ba ta da jiki. Ina tafe ina addu'a, ina tsine wa famfon tagulla, ina tsine wa littafin, daga baya na ga ba wanda ya cancanci tsinuwar sai mai tuƙa babur ɗin.

A tashar Gwaram na tsaya na sami direban da ya ɗauko shi. Na ce ko ya tuna wani dattijo da gora jiya. Ya kwashe da dariya ya ce, "Tsohon nan mai rowa? Ai rungume ta ya yi har ya sauka. Wani ya roƙe shi kurɓi ɗaya, ya ce a'a, wannan ta gida ce, ɗansa ne ya yi ruwan." Na gode Allah da babu wanda ya sha a mota. Amma hakan na nufin gorar ta isa gidanmu a cike.

Da na hango rimin ƙofar garinmu sai na kashe babur na tura shi da hannu, don in ji ko ana kuka. Ban ji komai ba sai sautin daka daga wani gida da kukan 'yan awaki. Ƙofar gidanmu babu tabarmi, babu taron mutane. Baba na zaune a inuwar zaure yana tufka igiya, ya ɗaure bakinta a babban yatsan ƙafarsa. Da rai, da lafiya, har da goro a baki. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, ya amsa yana kallon igiyarsa.

Na ce, "Baba, ina gorar?"

"Tana ciki."

Ban jira ya sallame ni ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na faɗa cikin gida. Ga gorar can a kife a kan danga, na ɗaga ta, wayam, ko ɗigo babu. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, ga jar akuyarta ɗaure a turke.

"Inna, kin sha? Ruwan nan, kin sha?"

Ba ta ɗago ba. Ta dubi akuya ta ce, "Ji mini mutum, ko sallama babu."

Na yi sallama. Ta amsa, ta tambayi akuya ko an zo lafiya, ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake, sannan ta ce, "Ruwan da aka kawo daga birni? Wa zai sha ruwan wanki? Ina buɗe gorar na ji sabulu can ƙasa-ƙasa. Na zuba a hannu na murza, ga santsi. Ni da na tsufa a bakin kwatarniya, a kawo mini ruwan da ya taɓa wanki in kasa gane shi?"

"To ina yake?"

"Ɗan lemon bayan ɗaki ya shanye abinsa. Dama yana neman mutuwa."

"Baba ya sani?"

"Mutum ya ɗauko abu tun daga Birnin Kudu a cinya, sai a kunyata shi? Ya tambaya, na ce ruwa ya yi amfani."

Na zauna daɓas a ƙasa da farin wandona na ofis. Dariya ta zo mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanda zan yi. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba, har yau kuwa. Inna ta ci gaba da tsintar wakenta, sai dai na ga hannunta ya tsaya a faifai ya daɗe bai motsa ba. Can ta ce wa akuya a ba baƙo ruwa, ya sha rana.

Saura Baba, shi da ya sha ya ƙoshi. Na wanke fuska na koma zaure na durƙusa, na gaya masa komai tun daga kwatar tasha har tankin gindin tsamiya. Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba. Ya saurara yana tufka har na gama. Da ya buɗe baki, ba maganar ciwo ya yi ba.

"Akwai najasa a ciki?"

"Ban haɗa da masai ba, Baba. Amma wurin wanka ne, ba zan rantse ba."

Ya kwance igiyar daga yatsansa, ya ɗauki buta, ya yi alwala, ya rama azahar da la'asar ɗin jiya, don da alwalar nan ya yi su duka biyu. Ina zaune ina kallon bayansa. Da ya shafa addu'a ya juyo, ba wajena ba, wajen ƙofa.

"Tun yaushe yaron nan ke wannan aikin?"

"Ya fi shekara."

"Yana ɓoyewa."

Ya ɗauki igiyarsa, ya ci gaba da magana.

"Ni da nake kwasar kashin shanu da hannuna in kai gona, ni za a ɓoye wa datti? Gero da me yake girma?" Ya tofar da goro. "Aikin ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya sa famfo a gindin inuwa ya ce kada a sha, wannan bai san mutane ba."

Na miƙa masa ƙwayoyin asibiti, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai sha maganin ciwon da bai zo ba. Na kai wa Inna ƙara, wato na tsaya kusa da akuya na faɗa da ƙarfi. Ban san yadda aka yi ba, da la'asar dai na ga ya haɗiye su da fura yana ɓata fuska.

Kwana uku na yi a Fagam ina gadinsa. Malamin asibiti ya ce in an wuce kwanakin nan babu komai, to a kwantar da hankali. Duk sanda Baba ya ɗauki buta ya nufi bayan gida sai in bi shi da ido, in ƙirga, in duba tafiyarsa in ya fito. In ya yi gyatsa sai na miƙe. Ashe yana lura. Rana ta biyu ya fito ya ajiye buta, ya ce da maƙwabcinmu da ke zaune a wurin, "A gaya wa mai lissafin nan, yau ma sau ɗaya ne." Maƙwabcin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kwanakin nan, da yake ba ni da aikin yi sai zaman jira, na fara kallon yadda Inna ke tafiyar da ruwa. Abin da na tashi a cikinsa ne, amma ban taɓa dubawa ba. Tulu ɗaya za a kawo daga rijiya, ya yi aiki huɗu ko biyar kafin ya bar gidan. Na sha yana randa, a kan ɗan tudunta, da murfi da moda. Wanda aka wanke gero da shi, ƙasari, sai a juye wa awaki a wani fasasshen kasko a ƙasa. Na wanke-wanke a yayyafa tsakar gida ƙura ta kwanta. Na wanka kuwa ya bi rariya, ramin nan na gindin katanga, ya fita ya sami gwanda a waje. Ga jikokinta suna ta guje-guje a gidan, ƙanana ƙwarai, amma ban ga ko ɗaya ya kai baki kaskon awaki ba, kuma babu allo ko ɗaya a gidan.

Na tsaya kusa da akuya na tambaya, ya aka yi yara ba sa kuskure. Inna ta ce, "Wannan ma tambaya ce? Ruwan sha sama ake ɗora shi a rufe. Wanda ya gama aikinsa ƙasa yake bi. Duk wanda ya ɗaga shi ya sa masa baki mai ƙyalli, ai shi ya ce a zo a sha." Ta kaɗa faifai ta ƙara da cewa, "Kuma in za a hana matafiyi wannan, sai a ajiye masa wani. Ƙishirwa ba ta san an hana ba."

Safiya ta huɗu na fito na tarar Baba ya riga ya kwance shanu. Ya rataya sanda a kafaɗa, ya saƙala hannuwa a kanta, yana tafe a bayansu yana yi musu magana, tafiyarsa ta kullum, ba sauri ba sanda. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallonsa har ya sha kwanar gonar maƙwabta. Sai a lokacin na ji yunwa. Na shiga na cinye ɗumamen da aka ajiye mini, na nemi ƙari, Inna ta ce wa akuya ashe baƙon yana da ciki.

Da na koma Birnin Kudu gidan maginin na fara zuwa, kafin ofis. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya tambayi dattijo da tsohuwa, na ce lafiya lau, ya ɗaga hannu ya yi hamdala, idonsa ya kawo ruwa. Ashe shi ma kwanakin nan ko abinci bai iya ci ba. Na shimfiɗa masa zanen a tabarma na ce, "Malam, yaya za mu yi?" Karo na farko ke nan da na tambaye shi wani abu.

Muka toshe gurbin famfon da siminti. Muka fasa tankin ta can ƙasa, muka yi masa rariya irin ta gidan kowa, ruwan ya fito ya bi buɗaɗɗiyar kwata a ƙasa, reshe ɗaya ya nufi wurin dashe, ɗaya ya zuba a wani kwami mai faɗi inda masu bulo za su tsuguna su kamfata da garwa. Shugabanmu ya zo dubawa ya ɓata rai, ya ce an kashe siminti an yi abu kamar bayan gidan ƙauye. Na ce ranka ya daɗe, haka ake so. Har na bar garin ban ji an ce wani ya kai bakinsa wurin ba. A gindin tsamiyar kuma muka girke randa biyu a kan tudu, da murfi da moda, ana cika su daga rijiya kowace safiya. Ruwan rijiyar ma ya samu, tunda masu bulo sun sakar mata mara.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, ina tsaye a wurin muna kwashe laka daga ramin farko, sai ga motar Gwaram ta tsaya. Baba ya sauko. Wai kanwa ya zo saya. Na je na durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ya zagaya ya dubi rariyar, ya bi kwatar da ido har wurin dashe, inda dalbejiyoyin suka yi kore, ya gyaɗa kai. Sannan ya nufi randa ya ɗaga murfi, ya ɗebo a moda, ya tsaya da ita a hannu ya dubi maginin.

"Wannan fa na wa ne? Na rijiya, ko na yaron?"

"Na rijiya ne, Malam."

Ya tsuguna ya yi bisimilla ya sha, ya mayar da murfi. 'Yan tasha na ta ƙunshe dariya, ni ma na ƙunshe tawa. Ina cikin jin daɗi sai na ga ya zaro gorar nan daga jakarsa, ita dai, ya je bakin rariya ya tsuguna ya tara.

Ban san sanda na ce, "Baba!" ba.

Bai waiwayo ba. Ya jira ta cika, ya toshe bakinta da totuwa, ya miƙe yana goge ta da hannun riga, sannan ya ce da maginin, "Na lemon tsohuwar ne. Ta ce wancan ya karɓe shi, a ƙaro mata."

Ya hau mota ya zauna, ya ɗora ta a cinya.